ZARE: Da ɗan gari akan ci gari. Tarihin masu zuwa taimako a mota, daga majigi har zuwa ɗaliban Wudil

1/ Yau zaren tarihi ne, kuma da ɗan tsawo, a gyara zama. Maganar mutanen da ke ɗaure kaya a mota su tafi garin da ba nasu ba don aikin taimako za mu yi. Su wa suka zo ƙasar Kano da wannan salon, wa ya dace, wa ya koma da kunya. Da Wudil zan kafa misali, nan nake karatu. 🧵

2/ Abin da ya taso da maganar: hutu ya gabato, ƙungiyoyin ɗalibai sun fara buga fosta. Waɗannan za su ƙauye duba marasa lafiya kyauta, waɗancan za su raba littattafai. Abu ne mai kyau wallahi. Amma ba mu muka fara ba. An kusa shekara 100 ana yi, kuma duk tarihin darasi ɗaya yake ta maimaitawa.

3/ Mu fara daga nesa. A Amurka akwai wata mota da suke kira RV. Gida ce a kan taya: gado, kicin, banɗaki, tankin ruwa, duk a ciki. Tsofaffin da suka yi ritaya da yawa na sayenta. Wasu yawon buɗe ido kawai suke da ita, wasu kuma sun mai da ita motar aikin lada.

4/ Misali, ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda aka kafa a jihar Jojiya a 1976 don gina wa marasa ƙarfi gidaje. Ita ce wadda tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya riƙa yi wa aikin kafinta tun 1984. Tana da reshen masu irin wannan mota. Sukan sauka a gari kamar mako biyu, da man motarsu da abincinsu, su yi gini, ranar hutu su zaga gari.

5/ Ku riƙe abu ɗaya daga nan. Ba su ke zaɓar gidan da za a gina ba. Reshen ƙungiyar na garin shi ke kiran su, ya ba su wurin ajiye mota, ya nuna musu aikin. Wato duk da sun zo da gadonsu da tukunyarsu, sai da mai masauki. To wannan tsarin mu ma muna da shi tun kafin a ƙera mota.

6/ Sunansa gayya. Mai gona ya ga aiki ya fi ƙarfinsa, ko dattijo ne, ko rashin lafiya ta kwantar da shi, sai a gaya wa sarkin noma ko sarkin samari. A sa rana. Samari su fito da fartanya da garma, makaɗa na zuga su, mata na kawo fura da tuwo. Kafin azahar an gama abin da zai ci mutum ɗaya mako biyu.

7/ Ku lura da kalmar kanta. Gayya da gayyata uwarsu ɗaya. Mai aikin ne ke kira, shi ya san inda ciyawa ta fi yawa. Wanda ya zo ba a kira shi ba kuwa, Bahaushe ya riga ya raɗa masa suna: ɗan gayyar soɗi. 😅

8/ Fatake ma haka. Ayarin da ke tafiya Gwanja sayen goro yana da madugu, yana kuma da jagaba. Aikin jagaba ya wuce gaba ya duba hanya, ya san inda ruwa yake, inda za a yada zango, da sarkin da za a kai wa gaisuwa. Ayari ba ya faɗa wa gari kai tsaye kamar an jeho shi.

9/ Yanzu mu zo Wudil, don shi kansa garin mararrabar baƙi ne. Kilomita 40 da 'yan kai daga Kano, a kan hanyar gabas. In ka haye gada, hanya ɗaya ta yi Gaya da Dutse har Maiduguri, ɗaya ta yi Takai da Birnin Kudu. Duk mai zuwa gabas daga Kano ya san wannan gadar.

10/ Ruwan da ke ƙarƙashinta mu kogin Wudil muke ce masa, a taswira kuwa kogin Haɗejiya ne. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu kafin su iso nan. Daga nan ya bi ta Ringim, Haɗejiya, fadamun Nguru, ya shiga Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, halin kogin ya canza.

11/ Ta fuskar sarauta, ƙasar Jobawa ce. Malam Bakatsine, ɗaya daga jagororin jihadi a Kano, a Utai ya zauna, kuma Utai mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Wudil yau. Sarautar Makaman Kano, ɗaya daga masu zaɓen sarki, ta gidansu ce. Ɗalibai nawa ne suka yi shekara huɗu a nan ba su taɓa taka Utai ba?

12/ Sai kasuwar shanu ta ranar Juma'a, Kara, wadda tirelolinta ke lodi har kudu. A nan ne na fi ganin tsarin mai masauki da idona. Baƙon da ya kawo shanu daga nesa ba ya tsayawa shi kaɗai. Yana da fatoma: shi ke saukar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso.

13/ Dalilin a fili yake. Mai saye bai san baƙo ba, amma ya san fatomansa, ya san ƙofar gidansa. In saniyar ta sata ce, an san wanda za a riƙe. Amana ce ake ara wa baƙo har ya gama abin da ya kawo shi. Ku riƙe fatoma a ranku, za mu yi ta cin karo da shi a ƙasa.

14/ Zuwan Turawa ya ɓata wa gayya suna. Suka riƙa ɗibar mutane ta hannun hakimai da dagatai don aikin hanya da na dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka kwashi dubban talakawa zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa ba su dawo ba. Wannan aikin tilas ne, ko da an lulluɓe shi da sunan aikin gari.

15/ Na kawo wannan ne don mu gane abu guda. In dattijon ƙauye ya ga baƙuwar mota da mutane masu takarda da biro suna rubuta sunaye, ya ɗan ja baya, kada a ce duhun kai ne. Kakansa ya ga irin wannan rubutun, haraji ya biyo baya ko ɗibar ma'aikata.

16/ Mota ta farko da ta yi kama da waccan ta Amurka a ƙasarmu ita ce motar majigi. Sunan ya fito daga wata tsohuwar fitilar haska hoto ta Turawa, majik lantan. Wani jami'in lafiya a Legas, William Sellers, shi ya fara yawo da finafinan tsafta, kuma da aka kafa sashen finafinai na mulkin mallaka a 1939 shi aka ba shugabanci.

17/ Motar tana ɗauke da janareta, na'urar haska fim, farin kyalle da lasifika. A ciki akwai direba, mai haskawa, da mai bayani. Ma'aikatan gwamnati ne, albashi suke ci, amma rayuwarsu a hanya take, makonni suna kwana gari-gari. Fim kan tsafta, kan noman gyaɗa da auduga irin su Baban Larai, daga baya har labaran rangadin Sardauna.

18/ Yadda suke shiga gari shi ne abin lura. Sai an kai wa hakimi gaisuwa, a yi shela, a kafa kyallen a fili kusa da ƙofar fada, a jira duhu. Kuma fim ɗin kansa ba ya magana da Hausa. Mai bayani ne ke riƙe da lasifika yana fassara, yana sa barkwanci. In ya iya bakinsa an ji saƙo, in bai iya ba an dai sha kallo.

19/ Inda majigi ya gaza: yawancin finafinan salonsu ɗaya, ga mai wayo da ya bi shawarar gwamnati ya yi arziki, ga wawa da ya riƙe ta gargajiya ya tsiyace. Wato an riga an yanke cewa mai kallo shi ne wawan. Mota ta zo da amsa, ba ta zo da tambaya ba. Wanda ke son zurfafawa ya nemi littafin Brian Larkin na 2008 kan majigi da silima a Kano.

20/ Farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Coomassie na cikin manyan jagororinsa. Daga Zariya ake buga littattafai da jaridu, motoci na kai su larduna. Akwai Jakadiya, kuma lardi-lardi da tasa jaridar: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato.

21/ Amma wa ke koyarwa? Ɗan garin da ya iya karatu da rubutu, a zaure ko gindin bishiya, da yamma bayan an dawo gona, kan ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba. Mota ta kawo allo da littafi ta wuce, malamin yana nan. Gwamna Abubakar Rimi ya farfaɗo da wannan a 1980 da hukumar ilimin manya ta Kano, har UNESCO ta ba ta lambar yabo.

22/ Sai zamanin matasan Turawa 'yan sa-kai. Eh, na san yau in an ce 'yan sa-kai hankalinmu Zamfara da Katsina yake tafiya, ga masu bindiga. Asalin kalmar dai wanda ya sa kansa aiki ne ba don biya ba. A 1958 Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa VSO a Ingila, suna turo matasa koyarwa.

23/ Wannan Dickson ɗin ba baƙonmu ba ne. Kafin VSO shi ya jagoranci cibiyar horar da matasa ta Man O' War Bay, a yankin Kamaru da ake mulka tare da Najeriya a lokacin. 'Yan Man O' War ɗin da kuke gani suna fareti a makarantunku da asuba, daga can sunansu ya samo asali.

24/ Amurka ta biyo baya. Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a watan Maris 1961, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da aka turo su. Da yawansu sun koyar a sakandare da kwalejojin horon malamai, har da na Arewa, wasu sun koyi Hausa sosai. Amma tun ba a je ko'ina ba aka yi abin kunya.

25/ Oktoba 1961, a Ibadan. Wata budurwa cikinsu, Margery Michelmore, ta rubuta wa wani abokinta katin gaisuwa tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗi, ya shiga hannun ɗaliban jami'a, aka kwafe shi aka raba. Zanga-zanga ta tashi, jaridun duniya suka ɗauka, ita kuma ta bar ƙasar.

26/ Ku duba da kyau, wannan katin shi ne kakan abin da muke yi yau. Ka je ƙauye awa uku, ka ɗauki hoton yaro da yagaggiyar riga, ka ɗora a Facebook da "Allah sarki talaka". Bambancin kawai nata mutum ɗaya ta rubuta wa, namu dubbai ke gani. Kuma yaron yana da yayye masu waya.

27/ Yanzu ga wanda ya fi burge ni: yaƙi da agana. Matasa da yawa ba su ma san cutar ba, alhamdu lillahi. Ƙuraje ne masu kisa, wanda ya tsira ya tashi da zanzana a fuska, wani ya makance. Ku duba damtsen kakanninku, za ku ga tabon lamba. A bakin Kara wani dattijo ya naɗe hannun riga ya nuna min nasa yana dariya.

28/ A 1967 aka fara gangamin kawar da ita a ƙasashe 20 na Yammaci da Tsakiyar Afirka. Ayarin ma'aikata a manyan motoci, da wata na'urar lamba da ake takawa da ƙafa, mai yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. Su ma kwana suke a hanya. A Arewa ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa ake tara jama'a.

29/ Dabarar da ta gama da cutar a duniya ma a Najeriya aka gwada ta. Disamba 1966, agana ta ɓulla a yankin Ogoja, kuma maganin da ke hannun wani likita, William Foege, ba zai isa kowa ba. Sai ya nemi 'yan mishan na yankin ta rediyo su tura mutane ƙauye-ƙauye a gano inda masu cutar suke.

30/ Daga nan suka zauna da taswira suna tambaya: mutanen nan wace kasuwa suke ci? Ina danginsu suke? Suka yi wa na kusa da marasa lafiya lamba, suka tari gaban cutar a garuruwan da ake zaton za ta bi. Ta tsaya cak. Sanin kasuwa da zumunci ya yi abin da yawan allura bai yi ba.

31/ Zuwa 1970 an ga mai agana na ƙarshe a Najeriya. Na ƙarshe a duniya da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a Somaliya ne, 1977, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta an gama da ita a 1980. Duk lokacin da wani ya ce min zaga gari ɓata lokaci ne, Ogoja nake tuna masa.

32/ Bayan yaƙin basasa, Janar Gowon ya kafa hidimar ƙasa da doka mai lamba 24, ranar 22 ga Mayu 1973, Kanar Ahmadu Ali ne shugabanta na farko. Ba sa-kai ba ce tsantsa tunda dole ce, amma manufarta ita ce maganarmu: a kai ka inda ba ka sani ba, ka yi aiki, ka san mutane. Sansanin Kano yana Kusalla, a Ƙaraye.

33/ Kowa ya san kofa iri biyu ne. Akwai wanda in an tura shi ƙauye sai ya yi ta faɗi-tashi a mai da shi birni. Akwai kuma wanda ya zauna, ya koyi gaisuwa, ya ci tuwon maƙwabta, har in zai tafi a raka shi tasha da buhun gero. Tambayi kowane ƙauye, sunan na biyun kawai suke riƙe da shi.

34/ Kada kuma mu manta da namu na gida, 'yan agaji. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, Fityanul Islam, Izala da aka kafa a Jos a 1978, kowacce da rundunar agajinta, ga kuma Red Cross. Su ne a filin idi, a wurin tafsiri, a sansanin alhazai. In mota ta kife a hanyar nan tamu, sau da yawa kafin motar asibiti ta iso suna wurin.

35/ Ba su da motar kwana, wani ko keke ba shi da shi. Abin da suke da shi sun san gida-gida. Sun san wace unguwa ruwa ke fara ci in kogi ya cika, da gidan da akwai tsohuwar da ba ta iya tafiya. Duk ƙungiyar ɗaliban da ta shiga gari ba ta neme su ba ta bar jagabanta a baya.

36/ Yanzu ɓangare mai ɗaci. 1996, annobar sanƙarau ta yi ɓarna a Arewa. A Asibitin Zana na Kano likitocin agaji na MSF suna jinya. A wannan asibitin dai kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, da yara kusan 200 a cikin gwajin. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa.

37/ Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Aka yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ka sa kanka a matsayin uban da ya kawo ɗansa a kafaɗa: ta yaya zai bambance baƙon da ya zo ceto da wanda ya zo gwaji?

38/ Shi ya sa da jita-jita ta tashi kan rigakafin shan-inna, ta samu ƙasa mai taki. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin, sai Yulin 2004 aka dawo. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a lokacin sa'o'inmu ne, wasu muna aji ɗaya da su.

39/ Kuma mutane suna da tambaya mai ma'ana: zazzaɓi na kashe mana yara ba ku zo ba, asibiti ba magani, sai wannan ɗigon ne kuke bin mu da shi har ɗaka kyauta? Abin ya kai ga jini. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. Allah Ya ji ƙansu.

40/ Me ya juya lamarin? An koma wa fatoma. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Aka ɗauki mata 'yan sa-kai daga cikin unguwanninsu, waɗanda ke shiga suna da biki. Waɗanda cutar ta nakasa suka fito da kekunansu suna magana da iyaye. Aka haɗa ɗigon da maganin zazzaɓi da na gudawa.

41/ Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta kama a jihar Kano a ƙaramar hukumar Sumaila yake, nan kudu da mu, Yulin 2014. Bayan ɓullar Borno ta 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 aka shelanta Afirka ta rabu da ita. Wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa ne ya canza.

42/ To mu dawo kanmu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ta fara a 2001, zamanin Kwankwaso, wanda shi ma ya yi makarantar koyon sana'a a garin nan yana yaro. A 2022 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. Ga makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda. Dubban matasa baƙi ke kwana a Wudil kowane dare.

43/ Mu ɗin nan mun fi masu RV dama. Su mako biyu suke yi, mu shekara huɗu ko biyar. Amma akasarinmu taswirarmu ta Wudil ba ta wuce hostel, aji, mai shayi da tasha ba. Ranar Alhamis a hau mota a gudu Kano. Sai ƙarshen zango a yi hayar bas, a sa riguna iri ɗaya, a nufi ƙauyen da aka zaɓa don yana bakin titi.

44/ Na taɓa bin wata irin wannan fita. An sa ta ranar Juma'a da safe. Muka isa muka tarar da gari fayau, magidanta duk sun tafi kasuwa, mata kuma ba za su fito wurin baƙin maza ba mai gida ba ya nan. Yara aka samu, aka raba musu biskit, aka yi hoto. Tambaya ɗaya ga mai unguwa da ta hana wannan.

45/ Haka zancen magani. A cika kwali da farasitamol da na'urar awon hawan jini, a je garin bakin kogi inda yara ke wuni a ruwa. A irin waɗannan garuruwa tsargiya, fitsarin jini, ta zama ruwan dare har wasu na ɗaukarta alamar balaga. Tana da maganinta na musamman, kuma inchajin asibitin garin ya san yawan masu ita. An tambaye shi?

46/ Don haka zaga gari da ake ɗauka kamar lada ce bayan aiki, ni a wurina shi ne rabin aikin, kuma shi ya kamata ya zo farko. Ƙaramar hukumar nan mazaɓu goma gare ta: Wudil, Sabon Gari, Utai, Darki, Lajawa, Indabo, Achika, Kausani, Dagumawa, Dankaza. Kafin ka ce za ka taimaki ɗaya, je ka hannu rabbana ka gaisa.

47/ Ka sauka bakin kogi ka zauna da masunta da masu ɗibar yashi. Ka shiga Kara ranar Juma'a ka ga yadda ake ƙulla cinikin miliyoyi da musafaha. Ka tsaya wurin masu ginin tukwane, ka bi masu noman rani fadama. Za ka dawo da sanin cewa mutanen da za ka "wayar wa kai" sun fi ka sanin abubuwa da dama.

48/ In kun tashi shirya fita, ga abin da tarihin nan ya koya min. Ku tura jagaba mako biyu kafin ranar. Ku fara da dagaci ko mai unguwa, sannan liman, hedimasta, inchaji, ungozoma da 'yan agaji. Ku tambaye su me ya fi damunsu, ku rubuta. Su za su sa rana, ba ranar kasuwa ba, ba safiyar damina ba.

49/ Ku tafi da 'yan mata cikin tawaga, don su ke iya shiga cikin gida. Abin da ya shafi allura da magani a bar wa masu lasisi, tare da sanin sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ku zo da abincinku da ruwanku kada ku zame wa gari nauyi, wannan kam masu RV sun yi gaskiya. Amma in an miƙo muku fura, ku sha.

50/ Hoto kuma sai da izini, na yaro sai da izinin iyayensa. Wanda ba za ka so a ɗauki ƙaninka a cikinsa ba, kada ka ɗora. Sannan ku zaɓi gari ɗaya ku riƙe shi shekara da shekaru, ku bar wa 'yan aji ɗaya rubutaccen bayani. Rijiyar burtsatsen da aka gyara aka koya wa mutum biyu gyaranta ta fi ƙauye goma da aka leƙa.

51/ Aikin da zan ba ku wannan hutun mai sauƙi ne. Ku samu kaka ko wani dattijon unguwa ku tambaye shi ranar da majigi ya zo garinsu, me aka nuna, a ina aka kafa kyallen. Ku tambayi ranar lamba, da wanda ya koya masa boko a ajin yamma. Ku naɗa a waya da izininsa, don masu wannan labarin suna ƙarewa.

52/ 'Yan Wudil, Gaya, Garko, Warawa da Sumaila, ku ajiye mana abin da kuka samo a ƙasa, a haɗa a karanta. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai kuma a tura musu zaren nan kafin su buga fosta. Allah Ya karɓi aikin masu aiki, Ya sa mu gama lafiya. 🙏🏾